Karen Hutu: Wa Zai Riƙe Shi In An Koma Makaranta?

Duk lokacin da aka ba mu hutu, musamman dogon hutun damina, akan sami waɗansu daga cikinmu su koma gida da buri guda, watau su sami ɗan kwikwiyo su riƙe. Wani ya roƙo wajen maƙwabci, wani ya karɓo a ƙauye wajen kawunsa mafarauci, wani kuwa tsintarsa zai yi a bakin kasuwar Yelwa. Kwana biyu sai ka ga an raɗa masa suna, an ɗaura masa tsumma a wuya, duk inda yaro ya sa ƙafa yana biye da shi. To, ranar da aka ɗaure akwati aka nufi tasha fa, wa zai riƙe shi? A kan wannan nake so in ɗan yi bayani ga 'yan'uwana ɗalibai da kuma iyayenmu.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure ina aji biyu. Na karɓo wani baƙin kwikwiyo na sa masa suna Duna, na riƙe shi mako bakwai, na koma makaranta ban danƙa shi a hannun kowa ba. Ƙanena ya ce mini kwana uku ya yi yana kwance a ƙofar zaure yana jirana. Daga nan ya shiga bin bola, ya kama kazar maƙwabta, aka jefe shi har ya gurgunce. Da na dawo hutun Disamba ban same shi ba, har yau kuwa babu wanda ya san inda ya ƙare.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. A Ingila da Amurka akwai gidaje na musamman inda ake tara karnukan da suka ɓata ko waɗanda masu su suka yar, ana ciyar da su, likitan dabbobi yana duba su, har a sami wanda zai ɗauka. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne gidan Battersea na birnin Landan, wanda wata mata mai suna Mary Tealby ta kafa a 1860. A can ma lokacin biki ne abin yakan ɓaci, don mutane sukan sayi kwikwiyo su yi kyauta da shi, bayan biki su gaji su yar. Saboda haka ne a 1978 wata ƙungiya, wadda yanzu ake kira Dogs Trust, ta fito da kirari mai tunatar da jama'a cewa riƙon kare na muddin ransa ne, bai tsaya ga Kirsimeti ba.

Waɗannan gidaje suna da wata dabara. Idan hutu ya zo sukan roƙi mutane su karɓi kare aro, ya yi kwana ɗaya ko biyu, ko mako guda, a gidansu, sa'an nan su mayar. Sai gardama ta tashi. Waɗansu suka ce alheri ne, kare ya huta da haushi da cunkoso. Waɗansu suka ce ai zalunci ne a ɗanɗana wa dabba daɗin gida sa'an nan a mayar da ita keji.

Masana suka ce bari su auna. A 2019 wata masaniya Ba'amurkiya, Lisa Gunter, da abokan aikinta suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan karnuka 207 a gidaje biyar. Akwai wani sinadari a jikin dabba da na mutum, ana ce da shi kotizol, wanda yakan ƙaru idan hankali ya tashi, ana kuwa iya auna shi a fitsari. Sun ga cewa a kwanakin da kare ya yi a gidan aro sinadarin ya ragu, karen kuma ya sami doguwar kwanciya. Da aka mayar da shi sai sinadarin ya koma yadda yake da, amma bai wuce haka ba. Watau karen ya sami hutu, sai dai hutun bai bi shi ya koma ba. A 2021 kuma suka auna fita ta awa biyu da rabi kawai, suka ga a nan sinadarin hawa ya yi, don baƙin wurare da baƙuwar hayaniya sun fi ƙarfin ɗan lokacin.

To, sai mu lura da abu guda. Karen Amurka in an gama aronsa, gidan da akwai abinci da ruwa da likita yake komawa. Namu kuwa in hutu ya ƙare, ina zai koma? Uwarsa ta yaye shi, wanda ya bayar ba ya so a dawo masa da shi, mutanen gida kuma tun farko ba a yi shawara da su ba. Bola ce kaɗai ta rage masa. Don haka illar riƙon hutu ta fi tsanani a wurinmu, ga kuwa yadda take.

Ta farko ita ce sabo. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Kare dabba ne mai ɗora ransa a kan mutum guda, ya san muryarsa da ƙamshinsa da lokacin da yake ba shi abinci. In aka raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas, an riga an cuce shi sau ɗaya. In kuma wanda ya maye masa gurbin uwa ya ɓace rana ɗaya, an cuce shi sau biyu. Irin wannan kare yakan tashi da tsoro, kare mai tsoro kuwa shi ne mai saurin cizo.

Ta biyu ita ce abinci. Yawancinmu sauran tuwo da miya muke zuba masa. Ƙasar Yauri Allah ya albarkace ta da albasa da kifi, amma mutane kaɗan ne suka san cewa albasa, ɗanya ko dafaffiya, in ta yi yawa tana lalata jinin kare har ya rame ya rasa ƙarfi. Ƙayar kifi da dafaffen ƙashin kaza kuma sukan maƙale masa a wuya ko su huda hanji. Ga ƙishirwa a watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi yake tsanani. Wanda ya tafi makaranta ba shi da ikon lura da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ta uku, wadda ta fi duka haɗari, ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Daga miyan kare yake shiga jiki ta wurin cizo. Yakan yi wata biyu ko uku a ɓoye, amma da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a rayu. Ka ga ke nan karen da ka saki yana yawo zai iya gamuwa da mahaukacin kare a bayan gari, ya ɗauko ciwon, ya kawo wa ƙannenka da suka saba wasa da shi. Alhali rigakafin yana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro da allurarsa, a nan Nijeriya ma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar karnuka.

Ta huɗu ita ce zaman lafiya da maƙwabta. Kare mai yunwa ba ya bambanta kazar gidanku da ta wani, ko kifin da masunta suka shanya a bakin tafki. Kaza guda takan haddasa gaba tsakanin gida biyu, a ƙarshe kuma karen ne zai sha jifa ko guba.

Mu dubi mafarautanmu da makiyaya a ƙauyukan Ngaski da Shanga. Mafaraucin kirki ba ya yar da karensa don damina ta faɗi an daina fita daji. Yakan ciyar da shi har kaka, ya cire masa kaska, domin ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa an halatta riƙon kare don farauta da gadin gona da na dabbobi, sun ba mu labarin wanda Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Ashe ke nan dabbar da ka ɗauko amana ce a wuyanka.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka miƙa hannu ka karɓi kwikwiyo, ka tuna kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13, watau ninki biyu na zamanka a sakandare. Ka fara neman iznin maigida. A sami mutum guda mai zama a gida wanda ya yarda da bakinsa zai riƙa ba shi abinci da ruwa, ya kuma saba da shi tun kana nan. In ya cika wata uku a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar hauka, a riƙa sabuntawa yadda likita ya ce. In waɗannan ba su samu ba, ka haƙura. Kana iya zuwa gidan mai karen ka taimaka masa da kiwo har hutu ya ƙare, karen yana nan a inda ya saba.

Iyayenmu kuma muna roƙonku, in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kai mu hutu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.