Dalilin da ya sa tsarin takarda ke wargajewa idan an sauya manhajar rubutu

Ɗan kasuwar da ya tsara takardar neman kwangila a wayarsa da WPS Office, ya kai ta shagon buga takardu a Tudun Wada ko Kiru, yakan tarar farkon sakin layi ya zame, jerin lambobi kuma ya koma 1 a tsakiyar shafi. Sau da yawa ba laifin mai shagon ba ne.

Lambobin da manhaja ke jerawa da kanta ba rubutattu ba ne, umarni ne ke ɓoye a cikin fayil ɗin, manhajar da ta buɗe shi ita ke ƙirgawa. Tun daga 2007 Microsoft Word ke ajiye aiki a tsarin docx, LibreOffice kuwa odt ne nata, kuma kowace na fassara umarnin 'yar'uwarta yadda ta fahimta. Nan ne haɗarin yake: idan takarda ta ce "duba sharaɗi na 7", lambobin kuma suka sauya, jami'in da ke tantancewa wani sharaɗin daban zai karanta.

Matsalar sakin layi kuwa galibi daga marubuci take. Wanda ya tura layin farko da madannin tazara ya dogara ne da faɗin haruffa, don haka da zarar kwamfutar shagon ta rasa Calibri ta musanya shi da wani, komai sai ya goce. Gara a saita tazarar a wurin tsara sakin layi.

Takardar da aka kammala, a mayar da ita PDF a girman A4 kafin ta bar wayar.