Shirin Musamman: Memorin Kyamara, Kafin Ka Tambayi Giga Nawa Ne

Shirinmu na yau zai tsaya kan wani ɗan ƙaramin abu da ke riƙe da amanar biki sukutum, wato memorin da ake sa wa kyamara. Mai hoton da zai tashi daga Gure ya nufi Alakos, a ce an kira shi ɗaurin aure ko saukar Alƙur'ani a Garazu ko wani ƙauye na kusa, ya san inda za shi ba shagon da zai faɗa ya sayi wani idan nasa ya ba shi kunya, ba kuma kwamfutar da zai juye aikin da dare. Duk abin da zai yanke, tun a gaban mai shago a Damagaram zai yanke shi. Kuma kusan kullum tambayarsa ɗaya ce: giga nawa ne? Ni kuwa a ganina wannan tambayar ce ya kamata ta zo ƙarshe. Kafin ita akwai biyu: na gaske ne, kuma da wane sauri yake rubutu?

Ku ji yadda abin ya faro, don labarin yana da daɗi. A shekarar 1975, a kamfanin Kodak da ke Rochester a Amurka, wani matashin injiniya mai suna Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar da ba ta amfani da fim. Nauyinta ya kai kilo 3.6, hotonta baƙi da fari ne, ɗigo 10,000 kacal. To ina take ajiye hoton? A kaset. I, kaset irin wanda iyayenmu ke sa wa rikoda. Idan ya latsa, sai ya jira daƙiƙa 23 kafin hoto guda ya gama sauka a kan zaren. Daƙiƙa 23, jama'a! A filin kokawa, kafin nan an yi kaye, an ɗaga gwani, makaɗa sun canza kiɗa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yawan hotunan: Sasson ya tsayar da su 30 a kaset guda, tsakanin 24 da 36 da masu fim suka saba da su. Wurin ajiya bai dame shi ba, shi ya zaɓi iyakar da kansa. Jiran rubutun ne matsalar, kuma har gobe ita ce ke kama masu hoto, sai dai ta sauya kama.

Memorin da muka sani, mai suna SD, kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka fito da shi a 1999. Na farkon ya tsaya a giga 2, SDHC na 2006 ya kai giga 32, SDXC na 2009 ya ɗora daga nan. Abin riƙewa a nan ɗaya ne: tsohuwar kyamara ta hannu da aka ƙera don SDHC ba za ta karɓi giga 64 ba, komai tsadarsa.

Me ya sa muka ɗauki giga a matsayin komai? Saboda a ƙasarmu ta hanyar waƙa muka san memori. Mdou Moctar, ɗan Nijar mai jita, ya naɗi waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, kuma daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori suka ratsa Sahel, har wani kamfani a Amurka, Sahel Sounds, ya tattara irin waɗannan waƙoƙin wayoyi ya fitar da su a faifai a 2011. Har yau mutum na kai memorinsa wurin mai turi a cika masa da wa'azi da finafinai da waƙa. A wannan aikin girma ne kaɗai abin dubawa, domin sau ɗaya ake zubawa, sauran duk saurare ne, kuma idan waƙa ta ɓace gobe a sake turo ta. Aikin kyamara ya sha bamban. Ita rubutu take yi, nan take, ba jira, kuma abin da take rubutawa babu shi a wurin kowa. Ba mai turin da zai sake turo maka lokacin da aka shafa fatiha.

Shi ya sa na sa gaskiyar memori a gaba. Na jabu ba a fuska ake gane shi ba. Cikinsa akwai wata 'yar na'ura da ke gaya wa kyamara girmansa, ita ake koya wa ƙarya. Sai ya ce shi giga 128 ne, alhali abin da ke ciki bai wuce 8 ba. Hotunan farko za su fito lafiya lau, mai hoto ya duba a gilashin kyamara ya ji daɗi. Da an wuce girman gaskiya, sabon aiki ya riƙa hawa kan tsoho ko ya tafi a banza, amma sunayen hotunan suna nan jere, lamba bayan lamba. Kamar mai awo ne yana ƙirga tiya da ƙarfi yana zubawa a buhun da gindinsa ke buɗe: lissafi ya cika, hatsi babu. Gwajin da ke tona asirinsa shi ne a cika shi maƙil sannan a karanta duk abin da aka zuba. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta, H2testw, da wata mujallar Jamus ta fitar don wannan aikin. Wanda ba shi da ita, ya cika memorin da bidiyo a gida, ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Amma kar a zargi mai shago a kan abin da ba laifi ba: giga 64 na gaske yakan nuna wajen 59 a kwamfuta, bambancin lissafi ne kawai.

Sai sauri, kuma a nan ma ido na ruɗuwa. Babbar lambar da ake bugawa a fuskar memori, 100 ko 120 ko 170, galibi saurin karatu ce, wato lokacin juyewa a kwamfuta. Wadda ta shafi kyamara ƙarama ce, sai an ƙura ido. Lamba 10 cikin da'ira, ko 1 cikin harafin U, alkawari ne cewa rubutu ba zai gaza mega 10 a daƙiƙa ba. Lamba 3 cikin U, ko V30, mega 30 ke nan. Mu yi lissafi tare. Kyamara mai ɗaukar bidiyon 4K takan nuna 100M a jerin zaɓinta. A raba da 8, ya ba da mega 12.5 a kowace daƙiƙa. Ka ga mai lamba 10 ya gaza, kuma idan ya gaza ɗauka na tsayawa a tsakiyar huɗuba. Zan maimaita don mai rubutawa: bidiyon 4K, a nemi U3 ko V30.

Wani zai ce, malam, ni hoto kawai nake ɗauka, ina ruwana da wannan? Yana da gaskiya rabi. Wanda ke tsayar da amarya da ƙawayenta ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya, mai lamba 10 ya ishe shi, kuma sayen V60 ko V90 a kyamarar da ba ta da layin haƙora na biyu da irin waɗannan ke buƙata asarar kuɗi ce. Amma ranar da ya je sukuwar raƙuma ko kokawa ya danne maɓalli don jerin hotuna, kyamara na tara su ne a wata 'yar ma'ajiya ta wucin gadi tana jiran memori ya kwashe. Idan memorin na jan ƙafa, ma'ajiyar ta cika, jar fitila ta kama ƙiftawa, maɓalli ya ƙi amsawa daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Hujja mafi ƙarfi a kaina ita ce ta nisa. Za a ce wanda zai kwana uku a daji ba kwamfuta, ai babba ɗaya ya fi masa, kuma buɗe murfin kyamara cikin ƙurar hunturu yana da nasa haɗarin. Na yarda da batun ƙura, a canza a cikin ɗaki, kyamara a kashe. Amma mu duba ko ana buƙatar babban. Hoton kyamara mai megafiksel 24 yakan kai wajen mega 10, wato giga 32 zai ɗauki kimanin 3,000. Bidiyon Full HD na yau da kullum yana cin wajen giga 11 a awa, kusan awa 3 ke nan. Wane biki ne ya fi ƙarfin irin wannan guda biyu ko uku? Idan ɗaya ya lalace ko ya faɗi cikin rairayi, wuni ɗaya ya tafi, sauran na aljihu. Idan babban ne tilo, komai ya tafi. Ƙari a kan haka, babban girma a farashi mai rahusa shi ne inda masu jabu suka fi kafa tarko, araha kuwa ba ta ado. Mai 4K kaɗai nake ɗaga wa ƙafa, domin shi awa guda na cin giga 45, dole ya fara daga 64 ko 128.

Lokaci na ƙure mana, sai mu taƙaita. A goge memori a cikin kyamarar da za ta yi aiki da shi, bayan an tabbatar an juye. Kar a zare shi fitila na ƙiftawa. Ƙaramin na waya da ake sakawa cikin gida yana aiki, amma gidan kan saki, gara cikakken SD. Kar kuma a mai da shi wurin ajiyar shekaru, zafi na rage masa riƙo, da an koma Gure a juye aikin wuri biyu.