Kwana a Dutsen Kyabobo: Magana ga Masu Hawan Jini da Ciwon Suga



A 'yan shekarun nan, da an yi hutun Sallah sai samarinmu su haɗa kuɗin mota su tafi yawon buɗe ido, wani lokaci har da dattawa a cikin tafiyar. Ɗaya daga cikin wuraren da ake tambayarmu a kansu a kantin magani shi ne gandun dajin Kyabobo, wanda ake faɗinsa Cabobo, kusa da Nkwanta a yankin Oti, a kan iyakar Togo. A can Dutsen Dzebobo yake, mai tsayin mita 876. Ana kafa tanti a kwana a daji tare da ma'aikacin gandun, nesa da asibiti, kuma waya ba ko'ina take kamawa ba.

Kusan duk wanda ya zo, maganin maciji yake fara nema. Haka ake yi tun iyayenmu na tsaye a bayan wannan kanta. Mu kuwa abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ruwan sha. Tsayin dutsen ba abin damuwa ba ne, domin ciwon da ƙarancin iska ke jawowa yakan fara ne daga wajen mita 2,500.

Ruwan rafin dutse yana da sanyi, garau kamar hawaye, amma dabbobin daji ma a nan suke sha, kuma ido ba ya ganin ƙwayar cuta. A tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar Aquatabs a jira minti 30. 

Ga inda maganar take. Saurayi mai lafiya in ya yi gudawa kwana ɗaya, zai wahala ya tashi. Alhaji mai shan lisinopril ko losartan, da bendro mai sa fitsari, ba haka abin yake gare shi ba. Hawan dutse ya riga ya zubar masa da gumi, gudawa ko amai ta ƙara kwashe ruwan jikinsa, jinin da ke isa ƙoda ya ragu, magungunan nan kuma suna hana ƙodar kare kanta. Daga nan jiki ya yi tsami, sai wani mai son alheri ya ciro diclofenac ko ibuprofen daga aljihu ya miƙa masa. Wannan haɗin kaɗai ya isa ya taɓa ƙoda cikin kwana ɗaya ko biyu. Ciwon jiki a dutse, paracetamol ne maganinsa. Metformin ma yakan taru a jini idan ƙoda ta yi rauni. Saboda haka likitoci sukan ce a dakatar da waɗannan magunguna na ɗan lokaci idan gudawa ko amai ta yi tsanani. Amma kada mutum ya yanke wa kansa hukunci a cikin tanti. Kafin tafiya a kawo mana ledar magungunan gaba ɗaya, ko a kai wa likita, a rubuta a takarda wanne za a ajiye, wanne za a ci gaba da sha. Allurar insulin ba a daina ta, a dai kare ta daga rana.

Mai shan glibenclamide ko mai yin insulin, hawa yana iya kayar masa da suga. In ya fara rawar jiki, ko gumi mai sanyi, ko magana ba kan gado, a ba shi dabino ko suga nan take, muddin yana iya haɗiya. Dabinon ya zauna a aljihunsa, ba a jakar da wani yaro ya yi gaba da ita ba.

A riƙi ORS da yawa, a karanta yawan ruwan da aka rubuta a jikin takardar, domin ba duka suke ɗaya ba. In ya ƙare, a zuba suga ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin cokali a lita 1, wato ledar ruwa biyu.

Daren hunturu a kan dutse akwai sanyi, amma kada a shigar da kurfoti cikin tanti. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

To, maciji. Kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kuma baƙin dutsen da ake mannawa ba ya fitar da dafi, ko da kakanninmu sun yarda da shi. A cire zobe da agogo, a hana ƙafar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti a Nkwanta. Allurar dafi a asibiti ake yin ta, ba ma sayar da ita don a tafi da ita daji. Takalmi rufaffe da tocila su ne rigakafin.

Wanda zazzaɓi ya kama bayan mako ɗaya ko biyu da dawowa, ya zo a gwada jininsa kafin ya sha maganin zazzaɓin sauro, ya kuma faɗa mana cewa ya kwana a daji.