Ɗakin Kwamfutar Da Aka Garƙama Wa Kwaɗo

Ƙannena 'yan mata, musamman ku 'yan aji shida. Ni malamar makaranta ce, kuma abin da zan ba ku labari a gabana ya faru, har yau in na tuna sai raina ya sosu.

A makarantar 'yan matan da nake koyarwa akwai ɗakin kwamfuta. Ga su nan jere reras, kowace an lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya daren kai ta, ƙofa kuwa an garƙama mata ƙaton kwaɗo, ba a buɗewa sai manyan baƙi za su zo. Wai babu wuta, babu kuɗin man janareto, ga tsoron kada yara su ɓata kayan gwamnati. Darasin kuwa a allo muke yin sa. In ɗauki alli in zana maus, wato ɗan abin nan da ake ja da hannu yana motsa kibiya, yara su kwafa su haddace, su cinye jarrabawar aji tsaf!

To, a 2013 hukumar JAMB ta fara yin jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta, zuwa 2015 ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Nan fa asirinmu ya tonu.

Ina da wata ɗaliba, kullum ita ce ta ɗaya, burinta ta zama likitar mata. Mahaifinta ya kafa mata sharaɗi: in ta ci ta wuce jami'a, in ta faɗi ga ɗan baffanta nan yana jira. Ranar jarrabawa da yamma sai ga ta a gidana, idanu sun kaɗa jawur. Ta ce, "Malama, wallahi na san amsoshin, amma kibiyar nan ta ƙi tsayawa inda nake so. Kafin hannuna ya daina rawa rabin lokaci ya tafi." Allah sarki! Yarinyar da ta zana maus ya fi a ƙirga, ranar ta fara taɓa shi.

Kwana na yi ban runtsa ba, don na san har da laifina. Da safe na sami shugabar makaranta na ce, "Ranki ya daɗe, abin da muke tsoron yara su ɓata ai ƙura ta riga su." Sai da na yi sati uku ina zarya, kuma na sa hannu cewa duk abin da ya lalace ni zan biya, sannan aka miƙo mini makulli. Yaran suka riƙa rage kuɗin tara muna sayen fetur, duk Asabar muna kunna janareto.

Ku da za ku zauna bana, tambayoyi 180 ne cikin awa 2: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Tun 2017 ana iya amsawa da madannai kawai: A, B, C ko D don zaɓen amsa, N ki wuce gaba, P ki dawo baya, S kuma miƙa aiki ne, kada ki kusance shi sai kin gama. Akwai jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske, ki roƙi Baba ya biya miki. Kada kuma iya latsa waya ya ruɗe ki, zama gaban kwamfuta agogo na gudu daban ne. Ita ma WAEC ta bi sahu a 2024, ta fara da masu zana ta daga waje.

Ɗalibata fa? Ni da mahaifiyarta muka durƙusa gaban mahaifin. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Shekara ɗaya, Malama, babu ƙari." Ta sake zama, makin bai kai na likitanci ba, amma ta sami karatun jinya. Makullin kuwa har yau yana cikin jakata.