Wace Babbar Manhaja Ta Dace da Situdiyon Gida?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, abin da ya sa masu ɗaukar waƙa a gida tunanin sauyi. Windows 11 kuwa tana buƙatar ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi.

Wajen zaɓen babbar manhaja, manhajar haɗa kiɗa ce ke yanke hukunci. Logic Pro sai a na'urorin Apple. FL Studio na aiki a Windows da Mac. Ubuntu Studio kuwa ita kanta babbar manhaja ce, kuma kyauta ce.

Kafin sabuntawa, gwanaye kan tabbatar akwatin sautinsu zai yi aiki da sabon tsarin, domin in bai dace ba, murya kan iso a makare ko makirufo ya yi tsit. Sukan kammala waƙar da ke hannu tukuna, su adana kwafinta a wani faifai.