Mirriya: Tsakar Gida Da Amanar Yara

Garin Mirriya yana wajen kilomita 18 gabas da Damagaram, kuma ya yi suna wajen lambuna da kasuwarsa ta ran Lahadi. Mata da yawa sukan fita tun da sassafe zuwa lambu, ko kasuwa, ko wurin aikin gwamnati, su bar yara ƙanana hannun kaka, ko kishiya, ko maƙwabciya. Ta haka ne wata tsakar gida kan tara yara biyar ko shida a hannun mace guda. Wannan al'ada ce mai kyau, amma amana ce mai nauyi.

Babban haɗari shi ne ruwa. Hukumar lafiya ta duniya, watau OMS, ta ƙiyasta mutum kamar 300.000 suka mutu ta nutsewa a shekara ta 2021, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Yaro mai rarrafe kansa babba ne mai nauyi in an kwatanta da girman jikinsa. In ya leƙa bokiti ya faɗa ciki, ba ya iya tashi, kuma ba a jin kukansa. Ruwan da bai wuce tafin hannu zurfi ba ya isa ya kashe shi cikin 'yan mintoci. Saboda haka rijiyar gida tana bukatar baki mai tsawo da murfi mai nauyi. Randa da duro a rufe su, ruwan wanki a zubar da an gama. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa, da damana ta faɗi ya zama tarko. Sai a sa ƙyaure mai sakata a ƙofar gida.

Na biyu, wuta. Murhu ya kasance a gefe, da ɗan shinge, kada a ajiye tukunyar kunu ko mai mai zafi inda yara ke wasa. Kananzir da maganin ƙwari na lambu kada a zuba su cikin kwalbar lemo. A rataye su sama. Bakin salga a rufe, dabbobi a ɗaure su nesa, tarin itace da kara a janye, gama nan kunama ke ɓuya.

Garu ma abin dubawa ne. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19. Maigida ya yi yaɓe kafin damana, kada a shimfiɗa wa yara tabarma gindin bango mai tsaga.

A ƙasar Bangaladash an gwada tara yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu a gidan mace guda da aka horar, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, lokacin da iyaye mata suka fi aiki. Bincike ya nuna nutsewa ta ragu da kamar kashi 80 cikin ɗari a cikinsu.

Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1990. Ya kamata masu unguwanni, da ma'aikatan likita, da malaman yaƙi da jahilci na Mirriya su riƙa zagaya gidajen da ake raino, su duba rijiya da murhu da bango. Kuma kada a bar yarinya 'yar shekara bakwai ita kaɗai da goyon ƙanne uku, gama ita ma tana bukatar mai duba ta.