BA KULLUM AKE TAMBAYAR FUSKA LABARIN ZUCIYA BA



Duk ranar da aka ji labarin kisan kai, musamman idan mace ce 'yan sanda suka kama, to ranar kam ba a rasa abin hira. A gidan suna ana yi, a bakin famfo ana yi, a layin awon ciki ana yi, ga kuma wayar hannu wadda kan kai magana gari goma kafin a sauke tukunya. Wannan ta ce kishi ne, waccan ta ce asiri aka yi mata, wata ta ce ai dukiya take kwaɗayi, wata kuma ta rantse ta ce ita tun da ta ga hoton matar ta san za ta aikata. Na daɗe ina lura da cewa tambayar da muke fara yi ita ce, "Me ya sa ta kashe?" Da wuya ki ji wadda ta ce, "Shin ma ita ce ta kashe?" Alhali kuwa duk wadda ta fara neman dalili, ta riga ta yanke hukunci ke nan a zuciyarta tun alƙali bai zauna ba.

Saboda haka yau zan kawo muku labarin wata mata a ƙasar Ostireliya, wadda irin wannan hira ta taimaka wajen kai ta kurkuku. Labarin gaskiya ne, ba tatsuniya ba.

Sunan matar Lindy Chamberlain, mijinta kuma Michael, fasto ne a wata ɗariƙar Kiristoci da ake kira Adventist, masu yin ibadarsu ran Asabar maimakon Lahadi. Suna zaune a wani garin haƙar ma'adinai mai suna Mount Isa. Suna da 'ya'ya maza biyu, sa'an nan ran 11 ga watan Yuni na 1980 Allah ya ba su 'ya mace, suka sa mata suna Azaria. Cikin watan Agusta na wannan shekara suka ɗauki yaran suka tafi yawon buɗe ido wajen wani ƙaton dutse da ke tsakiyar hamadar ƙasar, wanda 'yan asalin wurin ke kira Uluru. Suka kafa tantinsu a zangon baƙi kamar yadda kowa ke yi.

Ran 17 ga watan Agusta da dare, Lindy ta kwantar da jaririyar a cikin tanti, lokacin tana da mako 9 da haihuwa, ta komo wurin da ake dafa abinci inda mijinta ke hira da waɗansu baƙi. Can sai aka ji kukan jaririya. Uwar ta nufi tantin, sai ta ga wani karen daji yana fitowa daga ciki. Irin wannan kare ana kiransa dingo, yana yawo a dajin ƙasar kamar yadda dila ke yawo a namu. Ta leƙa shimfiɗa, ba yarinya. Ta ƙwala ihu ta ce dingo ya ɗauke mata 'ya. Mutane wajen 300 suka bazu cikin duhu da fitilu suna nema. Masu bin sawu daga cikin 'yan asalin wurin suka ga sawun kare da alamar ya ja wani abu a kan yashi. An ga jini a cikin tantin. Bayan mako guda wani baƙo ya tsinci tufafin yarinyar a gindin dutsen, jina-jina. Uwar ta ce akwai wata 'yar rigar sanyi saƙaƙƙiya da ta ɗora mata a sama, amma ba a gan ta cikin kayan ba. Gawar kuwa har yau ba a same ta ba.

Cikin watan Fabrairu na 1981 alƙalin da ke binciken musabbabin mutuwa ya zauna a garin Alice Springs, ya saurari shaidu, ya ce lalle dingo ne ya ɗauki yarinyar, iyaye ba su da laifi. Da a ce magana ta tsaya nan, da shi ke nan. Amma ina! Bakin mutane ya riga ya buɗe.

Ku ji irin abubuwan da aka yi ta yaɗawa. Aka ce wai ma'anar sunan Azaria ita ce hadayar da aka yanka a jeji, watau iyayen sun kai ta ne su yi tsafi da ita. Alhali sunan daga harshen Ibrananci yake, ma'anarsa kuwa wanda Allah ya taimaka. Aka ce an taɓa ganin uwar ta sa wa jaririyar baƙar riga, wai wace uwa ce za ta yi haka in ba da mugun nufi ba? Aka ce an ga ɗan ƙaramin akwatin gawa a gidansu. Akwatin kam akwai shi, amma mijin yana amfani da shi ne wajen wa'azin hana shan taba, yakan sa mashaya su jefa sigarinsu a ciki. Da yake ɗariƙarsu ba ta da yawan mabiya, kuma jama'a ba su san ta sosai ba, kome aka faɗa a kanta sai ya shiga kunne. Har riguna aka buga ana sayarwa, an rubuta a jikinsu wai dingo ba shi da laifi.

Amma abin da ya fi kome ɓata ta a idon jama'a shi ne fuskarta. Lindy mace ce mai dauriya. In an sa ta gaban talabijin sai ta amsa tambaya dalla-dalla, ba ta faɗi tana birgima ba, ba ta yage tufafinta ba. Ita da mijinta kuma suka nuna sun sallama wa hukuncin Ubangiji. Sai mutane suka ce a'a, uwar da aka ɗauke wa jaririya ba haka take yi ba. Jaridu suka shiga lissafin rigunan da take sawa in za ta kotu, da yadda take gyara gashinta, da baƙin tabaraunta.

Hukuma ta sake buɗe bincike, aka gurfanar da ita a birnin Darwin cikin 1982, tana da tsohon ciki. Lauyoyin gwamnati suka ce wai ta ɗauki jaririyar ta kai cikin motarsu, ta yanka ta da almakashi, ta ɓoye gawar a jakar kyamara, sa'an nan ta komo wurin hira, duk cikin mintoci da ba su wuce 10 ba. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce wani tabo da aka samu a cikin motar, wanda wata ma'aikaciyar gwaji ta ce jinin jariri ne. Ga shi kuwa babu gawa, babu wanda ya ga an yi kisan. Baƙin da ke tare da su a daren suka ba da shaida cewa sun ga uwa mai son 'yarta, ɗaya daga cikinsu ma ta ce ta ji kukan jaririyar da kunnenta bayan Lindy ta komo wurin hira. To, ga abin da nake so ku riƙe: lauyoyin gwamnati ba su kawo wa kotu wani dalili da zai sa matar nan ta kashe 'yarta ba. Kotu ba ta da dalili, amma a titi dalilai sun fi a ƙirga.

Ran 29 ga watan Oktoba na 1982 aka same ta da laifin kisan kai, aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Mijin aka ce ya taimaka wajen rufa asiri, aka yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 18. Cikin watan Nuwamba ta haifi 'ya mace tana tsare, aka raba ta da jaririyar. Ku duba wannan al'amari, ku da kuka san zafin naƙuda: an ɗauke mata ta fari a jeji, ta biyu kuma hukuma ta karɓe. Ta ɗaukaka ƙara har zuwa kotun ƙoli ta ƙasar, cikin 1984 aka ce hukunci yana nan daram.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A farkon 1986 wani baƙo Bature daga Ingila ya faɗo daga kan dutsen Uluru ya mutu. Garin neman ragowar gawarsa, a wani wuri mai ramukan dingo, sai aka tsinci wata 'yar rigar sanyi ta jarirai binne cikin ƙasa. Rigar nan ce da Lindy ta yi shekara 5 tana faɗi ana ce mata ƙarya take yi. Ran 7 ga watan Fabrairu na 1986 aka sake ta, bayan ta yi wajen shekara 3 a kurkuku. Aka kafa babban kwamitin bincike, wanda ya ba da rahotonsa cikin 1987. Sai ga shi tabon nan na ƙarƙashin gaban mota da aka ce feshin jinin jariri ne, ashe wani sinadari ne da kamfani ke fesawa tun wurin ƙera mota don rage ƙara. Cikin watan Satumba na 1988 kotu ta soke hukuncin, ta wanke miji da mata. Cikin 1992 aka biya su diyyar dalar Ostireliya miliyan 1 da dubu 300.

Duk da haka waɗansu ba su daina gunaguni ba, suna cewa dingo ba ya taɓa mutum. Sun manta cewa tun kafin abin ya faru, shugaban masu gadin dajin Uluru ya riga ya gargaɗi hukuma cewa karnukan sun fara raina mutane, yara na cikin haɗari. Cikin 2001 karnukan dingo suka kashe wani yaro ɗan shekara 9 a tsibirin Fraser. Sai ran 12 ga watan Yuni na 2012, watau shekara kusan 32 bayan ɓatan Azaria, wata alƙaliya ta tabbatar a hukumance cewa dingo ne ya ɗauke ta ya kashe. Kafin nan auren iyayen ya riga ya mutu tun 1991, yaransu kuma sun girma cikin tsangwama. Wace diyya ce za ta mayar musu da wannan?

'Yan'uwana, kada mu ce wannan ai Turawa ne, can su ƙarata. Ku tuna da namu halin. A wurinmu mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai. In an yi mata rasuwa, manya kan zaunar da ita su ce ta yi haƙuri, kada ta ɗaga murya, kuma mukan yaba wa wadda ta daure. To, da za a ɗauki irin wannan baiwar Allah a tsayar da ita gaban mutanen da ba su san al'adarmu ba, me za su ce? Cewa za su yi ba ta son ɗanta. Ashe ke nan karin maganar nan da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, yana da iyakarsa. Wata baƙin ciki kan sa ta kuka, wata ya ɗaure mata baki, wata ma ya sa ta surutu kamar ba abin da ya dame ta. Mai laifi kuma na iya zubar da hawaye fiye da kowa.

Ni kaina na ga ƙaramin misalin haka a ajina. Kuɗin wata yarinya ya ɓace, nan da nan 'yan aji suka nuna wata mai shiru-shiru wadda ba ta da ƙawaye. Kafin a tashi tara har an samo mata dalili: wai gidansu ba su da hali, wai an gan ta tana kallon mai ƙosai. Da na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ƙi magana, suka ce, "Malama, kin gani ko?" Kashegari mai kuɗin ta same su cikin littafin lissafinta. Na sa suka ba ta haƙuri, amma har ƙarshen zangon karatu yarinyar nan ba ta sake ɗaga hannu a aji ba.

Ba cewa nake yi duk wanda aka kama ba shi da laifi ba. Akwai masu kisa, maza da mata, kuma wajibi ne hukuma ta hukunta su, domin wanda aka kashe shi ma yana da uwa da dangi masu jiran gaskiya. Abin da nake faɗi shi ne, jita-jitarmu ba ta taimakon kowa. In wanda ake tuhuma ba shi ne ba, mun zalunce shi, mun kuma kawar da ido daga ainihin musabbabin abin. Mutanen Ostireliya sun ɓata shekaru suna binciken zuciyar uwa, ga karnuka suna yawo a bakin tantunan yara. In kuwa shi ne, kotu ba ta bukatar ƙarin gishirinmu. Kada kuma mu manta, 'yan sanda da shaidu da masu yanke hukunci su ma a cikin gari suke kwana, abin da ake faɗi a kasuwa yana shiga kunnensu.

Don haka ga shawarata. In labari irin wannan ya iso gare ki, kafin ki ƙara gaba da shi tambayi kanki abu uku. Wa ya gani da idonsa? Abin da nake shirin faɗi, a kotu aka tabbatar da shi ko a bakin famfo? Da 'yata ce ko ƙanwata, zan so a faɗi haka a kanta? Iyaye mata, ku sani yara suna jin irin hirar da muke yi, daga bakinmu suke koyon yanke wa mutane hukunci. Ku kuma 'yammata, an sa ku makaranta ne don ku iya rarrabe abin da aka sani da abin da ake zato. Wata daga cikinku za ta zama lauya, wata alƙaliya, wata ma'aikaciyar jarida, ran nan rayuwar wani na iya rataya a kan alƙalaminki.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komowa. Allah ya tsare mana harsunanmu, ya kuma kiyashe mu da sharrin ƙazafi. Sai mun sake saduwa a wannan fili mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.